Saje Ya Koyi Iyo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau. Inna ta warware sosai, har ta koma kushe girkina, kin ga kuwa sauƙi ya samu.

Yaya, gyara zama ki sha labari: mijina, Saje guda, ya koyi iyo! Kin san yadda damina ta rikice a 'yan shekarun nan. Bara ambaliya ta cinye hanyar da motocinsu ke bi su kai wa sojojin bakin iyaka abinci da magani, har ma'ajiyar makamai ruwa ya shiga. Sai manya suka sake tsari, aka kawo jiragen ruwa, aka ce duk direban da bai iya iyo ba za a mayar da shi wani bariki can nesa. Wallahi gabana ya faɗi, domin asibitin barikin nan ne ke duba Inna, kuma ba ta da ƙarfin doguwar tafiya.

Mutumin naki kuwa kin san shi, ƙarar bindiga ba ta sa shi ƙifta ido, amma ko gada zai haye sai kin ji yana salati. Ranar farko ya dawo daga horo ido jajur, ciki fal da ruwa, ya ce shi da sitiyari aka san shi, ba zai koma ba. Na ce to ya shiga da kansa ya gaya wa Inna ta haɗa kayanta. Ya leƙa ɗakin, ta ɗago tana sa masa albarka, ya juyo ya fito. Washegari ya riga kowa zuwa bakin tafki.

Ranar gwaji mu matan bariki muka tsaya bayan shinge. Iyon nasa dai kamar ana wanke bargo, amma ya kai ɗaya gefen! Na rangaɗa guɗa har kwamanda ya waiwayo. Na yi kuka, na yi dariya, ban ji kunyar kowa ba. Inna har yau ba ta san abin da ya faru ba, tambayata kawai take me ya sa surukinta ke dawowa a jiƙe.

Ki gaishe mini da Kawu da Gwaggo, ki shafa mini kan Auta. Duk ranar da kika tashi zuwa, ɗakin Inna yana nan inda kika san shi.

Taki har kullum,
Ƙanwarki