Hoton da Ke Bangon Ɗakin Iya

Abbasiyya, Alƙahira

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara, ya kuma ƙara wa kakarmu Iya sauƙin ƙafafun nan. Ni ina nan lafiya, karatu na tafiya yadda ya samu. Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na ba Malam Illiyasu ne da zai sauka Funtuwa ya miƙa miki hannu da hannu, saboda ko yaushe na kira ki Iya na gefenki, kuma kunnenta ya fi na kowa a gidan nan idan maganar ba tata ba ce.

Maganar hoton nan ce, Yaya, kuma wallahi kaina ya kulle. Kin tuna ranar da zan taho Iya ta riƙe min hannu ta ce tunda Masar za ni, in nemo mata kabarin mahaifinta Ishaq, wanda aka ɗauka soja a yaƙin Hitila tun tana cikin mahaifiyarta, daga nan ba a sake ganinsa ba. Abin da gida ya sani kawai shi ne wani da ya dawo ya ce a Masar suka rabu. Shekara biyu ina ja mata rai. A hutun da ya wuce ni da abokin ɗakina Abdulnasir, mutumin Maradi, muka hau mota zuwa Alamain, wani gari a bakin teku inda aka gwabza yaƙin. Maƙabartar sojojin tana nan, duwatsu farare a jere har ido ya gaji.

Tun hantsi muke bin layi muna karanta sunaye, ba Ishaq. Sai na tuna abin da Kawu Lawal ya taɓa faɗa, cewa samarin lokacin da yawa ba da sunansu suke shiga soja ba, sukan ba bature wani suna da wani gari don kada iyaye su biyo sahu su maido su. To wa zan nema ke nan? Da na gaji sai na tsaya gaban wani dutse da ba suna a jikinsa, na ɗaga hannu na yi wa Ishaq addu'a, a raina ina cewa duk inda yake kwance Allah ya san wurin.

A wurin akwai wasu Turawa su biyar da ɗan jagoransu Bamisire mai suna Ayman, suna yawo da wasu na'urori masu ƙyaftawa. Da Faransanci suke magana, Abdulnasir ya saurara ya ce min wai farautar fatalwa suke yi, gari-gari suke bi duk inda aka yi yaƙi suna ɗaukar hoto ko za su kama ruhin matattu. Na yi dariya har da riƙe ciki, wai neman fatalwa da rana tsaka kuma. Ashe wata daga cikinsu ta ɗauke ni ina addu'a. Ayman ya karɓi lambata, da yamma muna mota ya turo hoton. Ban ko buɗe shi da kyau ba na tura zauren danginmu na waya, na rubuta cewa ga ni a maƙabartar su baban Iya. Wannan gaggawar ita ce laifina, ban ɗora wa kowa ba.

Sauran kin fi ni sani. Ku kuka fara ganin farin mutumin nan a bayana, dogo, fuska ba ta fito ba, hannuwa a sama. Ke kika gaya min Iya ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, ta ce tsayinsa ke nan yadda mahaifiyarta ta kwatanta mata, ta sa aka wanko hoton aka kafa a bangon ɗakinta. Kika ce tun ranar take cin tuwo ba sai an lallashe ta ba.

Ni kuwa a nan na shiga uku. Ayman ya yi ta kira wai Baturiyar ta ce shekara goma tana wannan aiki ba ta taɓa samun irinsa ba. Abdulnasir ya ce aljani ne, ya daina barin wayata kusa da katifarsa. Malaminmu da na nuna masa ya ce mamaci ba ya dawowa, in ji tsoron Allah in goge. Na san gaskiya ya faɗa, da kaina na karanta hakan, amma sai in buɗe hoton in yi sauri in rufe shi. Ni ɗalibin addini ne fa, Yaya, ga ni ina tsoron hoto.

Da abin ya ishe ni na koma Alamain ni kaɗai. Na tarar da wani dattijo baƙi dogo cikin farar jallabiya yana ba shukokin wurin ruwa, sunansa Fadl, mutumin Aswan. Na nuna masa hoton ina tambaya ko an saba ganin irin wannan a nan. Ya kalla, ya yi murmushi, ya ce ai shi ne. Ya ce ya hango ni na ɗaga hannu ni kaɗai, sai ya ajiye tiyon ruwa ya zo bayana ya tsaya, ya tafi kafin in shafa. Motsin da ya yi ne ya sa hoton ya dusashe. Na ce masa me ya kawo shi, bai san ni ba, bai san wanda nake yi wa ba. Ya ce, "Ya ibni," wato ya ɗana, "ana barin mutum ya yi addu'a ba mai ce masa amin?" Sannan ya tambayi sunan mamacin, ya maimaita sau uku, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya riƙe, zai riƙa sa shi a addu'a in ya zo wannan layin.

Na ɗauka zan ji sanyi, sai na dawo Alƙahira na fi da rikicewa. Iya ta haura tamanin ba ta taɓa ganin ko inuwar mahaifinta ba, yanzu ta samu abin da take kallo kullum da safe, ni kuma na san mai ba shuka ruwa ne. In na yi shiru na bar ta kan abin da ba haka ba, kuma ni na jawo. In na faɗa, ina tsoron ta koma ture kwanon tuwo. Wani lokaci sai in ga labarin Fadl ya fi na fatalwa daɗi, wataƙila ta yi murna da jin akwai mai ambaton sunan babanta a ƙasar da ya kwanta. Wani lokaci kuma in ga ba mai addu'a take nema ba, uba take nema.

Ke kike wanke ta, ke kike ba ta abinci, kin fi ni sanin abin da zuciyarta za ta ɗauka. In kin ga za ta iya, ki karanta mata wannan takarda, ki gaya mata sunansa Fadl. In kin ga ba za ta iya ba, kada ki taɓa hoton. Amma ki sani ba rashin kati ne ya hana ni kira kwana tara ba, kamar yadda na ce miki. Na san ina kira za ta karɓi wayar ta ce in sake ba ta labarin ranar da na ga babanta, ni kuma har yanzu ban san abin da zan ce mata ba.

Ki gaida Kawu Lawal da Gwaggo Raliya, da Husaina da ƙannenta. Ki gaida Iya, ki ce mata ina nan lafiya kuma ta sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sagiru