Sunan da Na Kasa Faɗa a Ƙofar Taronku

Zuwa ga mai girma Shugaban ƙungiyar masu hidimar al'umma, wadda ta tara ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare daga Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ta karrama su.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gajiyar taro? Yaya iyali, yaya damina, yaya haƙuri da hanya? A gaishe mini da sauran manyan ƙungiya, masu farar shadda da hular da ba ta karkacewa. Sakatarenku kuwa, mai tabarau ɗin nan da kuka zaunar bakin ƙofa da takarda da jan biro, shi a gaishe shi sau biyu, don albarkacinsa ne na zauna rubutu da tsufana.

Ba ka san ni ba. Ni ce tsohuwar da ta wuni gindin dogonyaro a bayan tagar zauren taronku, da sabon mayafi ruwan ƙwai. Sunana Dije, mai daddawa a Ƙaura yanzu, a da kuwa matar Malam a wani ƙauye bayan Moriki. Karatuna aji huɗu ne na firamare, sai 'yan watanni na yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi da kanka. Maganar dai a tsaye take.

Na ɗaya, ka san yaron tukuna.

Cikin waɗanda kuka karrama akwai dogo, mai tabo a gira, wanda kuka ce ya fi kowa lissafi. Jikana ne. Ni Angona nake ce masa, shi kuma yana ce mini tsohuwar amarya mai warin daddawa, kuma da warin nan aka yi masa wandon makaranta. Ubansa ɗan farina ne. Ya fita gona wata safiya da fartanya a kafaɗa, mutanen daji suka same shi can, aka dawo mana da shi a kan amalanke. Uwar yaron ba ta yi shekara ba ta bi shi. Da ƙauyen ya watse, na kamo hannun wanga yaro muka shigo Ƙaura da tabarma ɗaya da tukunyar daddawa. Shekara shida ke nan.

A shekarun nan ni ce uwa, ni ce uba, ni ce agogon da ke tashe shi. Ranar da aka kira iyaye makaranta ni nake zuwa, in zauna cikin maza in yi kamar ina jin Turanci. Da ya yi zazzaɓin da ya kwantar da shi sati uku, ni na riƙa zuwa wajen malamansa ina karɓo masa abin da aka koyar. Ba gori nake ba, ranka ya daɗe. Kaka ba ta gori a kan jika. Ina faɗa ne don ka san wa ya kamata ya zauna a kujerar da kuka ajiye.

Na biyu, abin da ya faru a ƙofa.

Kun kwashe yaran tun da safe kun shigar da su ciki. Mu iyaye kuka ce mu biyo baya, kowane ɗalibi mutum ɗaya. Ba ku raba kati ba. Tsarinku shi ne mutum ya tsaya gaban sakatare ya faɗi sunan ɗalibinsa da na ubansa, a duba takarda, a ja layi, ya wuce. A ofis wannan dabara ce mai kyau, na yarda.

To, yaron nan sunan mijina aka sa masa. Sunan ubansa kuma sunan ɗan farina ne. Kai ɗan ƙasar nan ne, ba sai na yi maka bayani ba. Shekara hamsin da wani abu sunan Malam bai taɓa fita bakina ba, yana raye ko bayan ransa. Ɗan fari kuwa ko ranar da aka kawo shi a amalanke ban kira sunansa ba, kuka kawai na yi. Sai ga ni tsaye cikin rana, mata da maza a bayana, ana so in ɗaga murya in jera su biyun a numfashi ɗaya kamar mai tallan gyaɗa.

Na ce wa sakatare mai sunan Malam nake nema. Ya duba takarda ya ce babu mai wannan suna. Na ce dogon nan mai tabo a gira, na lissafi. Ya ce shi ba ya da hoton kowa. Na ce to ya miƙo takardar in nuna masa da yatsa, ai ina karatu. Ya janye ta ya rungume a ƙirji kamar zan sace masa jariri, ya ce haka wasu ke yi su zaɓi suna su shiga cin shinkafa. Shinkafa, ranka ya daɗe. Ni da na bar daddawata a shanya, kaji na yi mata yadda suka ga dama.

Sannan ya juya ga na bayana yana dariya, ya ce ga kakar da ba ta san sunan jikanta ba. Wasu suka taya shi. Tsofaffin matan da ke layi sun gane, na ga sun sunkuyar da kai, amma baƙuwa ce ni a cikinsu, ba wadda ta san yaron balle ta faɗa a madadina. Ina so ka tambayar mini sakatarenku, da tabaransa da komai: tasa kakar da wane suna take kiran kakansa? In ya ce da sunan yanka, to a sake bincika garin da aka haife shi.

Ana cikin haka sai ga ƙamshin turare a bayana. Wani Alhaji ne, ɗan ƙanen mijina, mai shagon hatsi a kasuwa, baffan yaron ke nan ta wajen dangi. A rediyo ya ji sanarwarku. Wannan bawan Allah, tun da muka shigo Ƙaura sau biyu ya taka gidan da muke, ɗaya ma ruwa ne ya tsare shi a zaurenmu. Ya ji duk abin da aka yi da ni. Ya san ni, ya san dalilina, matarsa ma ba ta kiran sunansa. Ya buɗe baki ya zuba sunayen nan biyu ɓaro-ɓaro, aka ja layi, ya tattare riga ya wuce. Bai ce ga kakarsa nan ba. Da na matsa, sakatare ya ce kujerar yaron ta cika.

Na uku, abin da na ji ta taga.

Lasifikarku tana da kyau, wannan kam na yaba. Daga gindin dogonyaro na ji komai. Na ji jawabinka a kan marayu da 'yan gudun hijira, har wata mai sayar da ruwa kusa da ni ta share hawaye. Na ji an kira sunan Malam sau uku, jama'a na tafi, raina ya ce ashe dai zan sake jin ana kiransa cikin mutane. Sai mai gabatarwa ya ce waliyyin yaro ya hau. Na miƙe ban sani ba, har na gyara mayafi. Na leƙa ta taga na ga Alhaji yana hawa da hannun riga yana jan ƙasa.

Aka ce ga uban da ya tsaya wa maraya. Aka ce da za a sami irinsa goma da Zamfara ta gyaru. Ya karɓi abin magana ya yi godiya, har ya ce ba sauƙi tarbiyyar yaran yanzu. Gaskiya ya faɗa, ba sauƙi, sai dai ban san a ina ya ji labari ba. Angona na tsaye gefensa, ana ce masa ya kalli mai hoto, shi kuma ƙofa yake kallo. Ka nemo hoton ka duba. Duk yaran suna kallon gaba, ɗaya ne ya juya wuya.

Da aka tashi ya fito da kwalin shinkafarsa bai taɓa ba, ya zo ya durƙusa gabana. Na ce masa wane irin ango ne wannan da ake ɗaura masa aure da wani ƙato, amarya tana waje. Bai yi dariya ba. Shinkafar dai na cinye ta a gida, ita ba ta yi mini laifi ba, ko da yake gishirin ya yi yawa.

Na huɗu, kuma wannan ne ya hana ni yin shiru.

Da kunyar ƙofa ce kawai da na haɗiye. Na haɗiyi abin da ya fi ta. Amma kun yi alkawarin ɗaukar nauyin yaran nan zuwa babbar makarantar poli, kuka ba kowane waliyyi fom a kan dandamali, kuka rubuta sunansa a littafinku, kuka ce shi zai sa hannu ya mayar kafin watan nan ya ƙare. Wanda ya hau shi ne waliyyi a wajenku. Wanda ya hau kuwa shi ne wanda bakinsa ya fi saurin faɗin suna.

Fom ɗin yana cikin aljihun teburin Alhaji a shago, an sa masa kwaɗo. Na je har sau uku. Na farko ya ce yana da baƙi. Na biyu ya ce in bar maganar maza ga maza. Na uku ya fito fili, ya ce yaron da Allah ya ba kan lissafi haka asara ce a kai shi poli ya ƙara shekaru a kan benci, ga shago na neman mai awo. Wato gwarzon lissafin garuruwa uku zai ƙare yana share bakin tiya da tafin hannu, yana ɗinke buhun gero. Awo ba abin kunya ba ne, Malam ma ya yi. Amma ba don shi na yi shekara shida ina wanke kalwa har fatar hannuna ta saɓule ba.

Na je ofis ɗinku. Na sami sakataren nan dai, ya buɗe littafi ya nuna mini sunan Alhaji, ya ce su da wanda ke rubuce suke magana. Wannan karon ya bar ni na ga takarda. Allah ya saka masa.

Yaron ya daina cin abinci sosai. Takardar yabon da kuka ba shi ya tura ta ƙarƙashin tabarma. Jiya ya ce mini ko ya je shagon ne kawai a huta, kada ya jawo mini ɓacin rai da dangi. Kun ɗaga shi sama gaban jama'a, kun sauke shi a hannun wanda bai san lambar takalminsa ba.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

A ba yaron nan sabon fom a hannunsa kafin wata ya ƙare. In sai da sa hannun babba, ga nawa, da biro ko da dangwale, wanda kuka fi so.

A goge sunan Alhaji a littafinku. In kuna shakka, ku tambayi shugaban makarantar wa yake gani ranar taron iyaye. Ku tambayi mai unguwarmu. Mafi sauƙi ma ku tambayi yaron, yana da baki, ku da kanku kuka ce ya fi kowa ƙwaƙwalwa.

Baɗi in Allah ya kai mu, ku ba kowane yaro kati ya kai wa wanda ya ga dama. A garuruwan nan namu yanzu gidaje nawa ne kaka ce ta rage a tsaye? Ku kun fi ni sani, kun faɗa a jawabi. Da yawansu irina ne, akwai sunayen da ba sa iya kira. Kada ku sake tsayar da wata a rana.

Hoton kuma ku bar shi yadda yake, ba na son a sake. Ku rataye shi a ofis inda sakatare zai riƙa ganin wuyan nan da ya juya.

Ban ce kun yi da mugunta ba. Kun tuna da yaranmu lokacin da kowa ke ta kansa, Allah ya ba ku ladan wannan. Allah ya tsare ku a hanyar Shinkafi da ta Zurmi, ya raya muku naku, ya sa ranar da za a kira sunan ɗanku cikin taro kuna ciki a zaune.

Saura abu ɗaya. Na san za a ce wasiƙar tsohuwa ba ta da amfani tunda ba ta faɗi wane yaro ba ne. Kwana uku ina gwadawa a ɗaki ni kaɗai, ina fuskantar bango, harshena ya ƙi. Na ce to bari hannu ya ɗauki abin da baki ya kasa. Malam, ka yafe mini. Kai ma ɗana, ka yafe mini. Ba raini ba ne, ɗanku nake nema wa hanya.

Haruna Lawali.

Ga shi nan, ranka ya daɗe. Ka ba sakatare ya duba takardarsa ya ja layi. In kuma ya ce sai ya ji da kunnensa, ranar Litinin da hantsi ina bakin ofis ɗinku da mayafina ruwan ƙwai. Zan faɗa, da ƙarfi, gaban kowa. Amma ba zan bar wurin ba sai da fom a hannuna.

Wassalam, daga wadda kujerarta ta cika,
Dije mai daddawa, kakar mai sunan Malam,
Ƙaura Namoda.