Tafkin da muke jiƙa rama ya cinye hantar yayana

Assalamu alaikum Malam Edita da duk masu karanta wannan fili. Don Allah ku ba ni shawara, kuma a sakaya sunana, don in maganar nan ta koma gida Inna ba za ta ƙara amsa gaisuwata ba.

Ni tela ne a Gusau, amma asalinmu wani ƙauye ne kusa da Furfuri a ƙasar Bungudu, kuma sana'ar gidanmu tufkar igiya. In kaka ta yi a yanke rama, a ɗaure ta dami-dami, a danne da duwatsu cikin tafkin bayan gari har ta ruɓe, sannan maza su shiga ruwa iya ƙugu su yini suna saɓe ta suna wankewa. Ni warin na ƙi jini, tun da wuri na gudo birni, har yau rago suke ce mini. Yayana shi ya tsaya, shi ya riƙe gidan tun rasuwar Baba.

A garinmu in yaro ya fara fitsarin jini ba a kiransa ciwo. Tsargiya ce, kowa ya yi, har tsofaffi kan tsokane shi wai ya zama namiji, a soma nema masa mata. Ni ma na yi, Yaya ma ya yi, ba wanda ya taɓa kai mu ko'ina.

Bara cikin Yaya ya fara kumbura, shi kuma yana ta ramewa, ƙafafu kamar kara, ciki kamar tulu. Aka ce sammu ne, aka sha sassaƙe, aka ce saifa ce, aka kira mai sakiya ya huda shi da ƙarfe mai wuta. Ranar da ya yi aman jini a ƙofar gida na sa shi a mota na kawo shi asibiti, ban yi shawara da kowa ba. A can muka haɗu da wani likita mai bincike a kan tsargiya, wanda yake bin tafkuna yana tsintar katantanwa yana zubawa a kwalba, mutanenmu suna ce masa taɓaɓɓe. Ashe mu ne abin tausayi. Ya duba bayan gidan Yaya a madubin likita, ya sa na leƙa, na ga ƙwai da idona. Malamin asibiti ya fassara mini cewa tsutsa ce, daga katantanwar take fitowa ta shiga fatar mutum a cikin ruwa ta zauna a jijiyar jini, iri biyu ce, wata ƙwanta yana zuwa mafitsara, wata yana taruwa a hanta har hantar ta taurare. Likitan ya ce ta Yaya ta riga ta taurare, ko an kashe tsutsar ba za ta koma daidai ba, kuma jikinsa ba zai ɗauki allurar da ake kashe ta da ita ba. Wallahi da irin wannan cikin Baba ya rasu, muka ce ciwon gida ne.

Batun Yaya na haƙura, na bar wa Allah. Abin da ya hana ni sukuni ɗansa ne, bari in kira shi Audu, yaro ne da bai kai balaga ba, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu. Ya zo jinyar ubansa, likita ya roƙa a duba shi, aka sami iri biyun duka a jikinsa, har saifarsa ta soma tasowa. Likita ya ce shi yana da sauran dama. Akwai allura da ake yi a jijiya, sai an yi makonni ana zuwa, tana sa tari da amai da ciwon gaɓoɓi, kuma bai ɓoye mini ba, ya ce takan taɓa zuciya, wasu ba sa tashi. Akwai kuma wata ƙwaya da ake gwadawa, tana sa jiki ya yi rawaya, shi kansa bai ba ni tabbacinta ba. Ya ƙara da cewa ko yaron ya warke, in ya koma tafkin aikin banza ne.

Da na kai wa Inna maganar kamar na watsa mata wuta. Akwai wani ɗan uwanta a wajen Tsahe da aka yi wa irin allurar a wani gari, bai gama ba ya cika, to tun daga nan ta ƙulla. Ta ce na zama ɗan birni ina zagin ruwan da ya raine ni, na ce ruwan ne ya kashe Baba, ta fashe da kuka, ni ma na faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa ba. Daga ƙarshe ta ce, "Wanga yaro lahiya lau shike, jinin maza na, kowa gidan ga ya yi shi. In kat tahi da shi anka kashe min shi, ban yahe ba." Uwar yaron kuwa sai abin da Inna ta yanke, kanta a ƙasa.

Na shiga wurin Yaya na ce shi ne uba, ya yanke. Sai ya kama hannuna ya ɗora a kan cikinsa ya ce, "Ni dai kak ka bari shi zan haka." Na ce to ya faɗa wa Inna da bakinsa, ya juya fuska bango.

Jama'a ni kaina ya kulle. In na sato yaron na kai shi ya mutu a hannuna, da wane ido zan kalli Inna, ga bakinta a kaina? In na bar shi, na san inda zai ƙare, na gani sau biyu. Na ce a ba ni shi ko ba allura ya zauna a shagona ya koyi ɗinki, aka ce to wa zai shiga ruwa, gidan da igiya yake ci.

Don Allah wanda ya taɓa yin wannan allura ko ya ga wanda ya yi ya tashi, ya gaya mini gaskiya. In sato shi, ko in bi maganar uwata? Ku taimaka da wuri, don an riga an yanke ramar bana, tana danne a tafki, kuma Inna ta ce da ta ruɓe Audu ne zai shiga.