Motocin da Ka Je Gani

Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya sanyi? Mu nan Madabo sai godiya.

Hotunan yawonku a tsohuwar hanyar nan ta Amurka sun iso. Da yake idon Umma ya ƙara rufewa, ni na zauna ina faɗa mata abin da ke ciki. Ga ka a gindin wani ƙaton mutum-mutumi. Ga ka a gidan man da babu mai. Irinsa muna da su birjik, ba mu dai san abin kallo ba ne. Ga kuma tsofaffin motoci an kafa kawunansu a ƙasa.

Ta ce, "Binne su aka yi?"

Na ce rabi dai.

Ta ce, "Allah sarki. Su sun samu mai ziyara."

Tun da ka ce ka ɗauki hutu ta sa aka share ɗakinka, aka yi maka dambun nama. Likita ya ce ɗan ganin da ya rage mata ba zai kai baɗi ba. Ni na daina ce mata kana hanya.

Jiya ta rabar da dambun, ta ce in rufe ɗakin. Na ja ƙofar, na kai mata makullin.

Ka sa ta a addu'a. A gaida Anti da yara. Umma ma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa tuƙi a hankali.

Ƙanwarka,
Hadiza