Inji Ya Kwanta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali? Auta ya gaya mini kamfaninku na kwali ya ɗauke shi, kuma a sashen da kake shugabanta. Na yi murna har da ƙwalla. Ya ce sababbin ma'aikata sai sun yi wata guda a aji kafin su taɓa inji. Don Allah ka bar shi ya gama, na san ka da gaggawa. Tun rasuwar mahaifinsa shi nake kallo in ji sanyi. Amana ce na ba ka.

Ka gaida mutanen gida.
Ƙanwarka, Maman Auta

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Kowa lafiya lau. Wasiƙarki ta iso, sai dai ta makara, na riga na cire shi daga ajin. Na leƙa na tarar da su a ƙarƙashin fanka, wata malama tana nuna musu hoton inji a bango, rabinsu na gyangyaɗi. Yaushe hoto ya taɓa yanka kwali? Mu a bayan manya muka koya, muna kallon hannunsu, kuma gani ya kori ji. Na roƙi manaja ya ba ni shi, na haɗa shi da Dogo, wanda ya fi kowa sanin injin yanka. Yaron akwai kai, ba irin na uwarsa ba. Ki daina damuwa.

Allah ya bar zumunci.
Yayanki

Ƙanwata,

Salamu alaikum. A asibiti kin juya mini baya, waya kuma ba kya ɗauka. Ban ga laifinki ba, amma haƙƙinki ne ki san yadda abin ya faru.

A wurinmu inji yana kwanciya, yana kuma mutuwa. Idan muka ce ya kwanta, wuƙa ce kawai ta tsaya, wuta na nan a jikinsa. Sai an cire wutar muke cewa ya mutu. Kowa a sashen ya san haka, shi ya sa ba wanda ya tuna ya faɗa wa Auta, har da ni. Ranar da abin ya faru kwali ya maƙale, Dogo ya ce, "Ya kwanta," ya juya zai ɗauko ƙugiya. Auta ya ɗauka an kashe, ya zura hannu, gwiwarsa ta bugi maɓalli. Yatsu biyu na hannun dama suka tafi.

Malamar ajin ta zo duba shi. Ba ta yi mini gori ba, ni na tambaye ta. Ta ce a mako na biyu suke koyar da cewa ba a sa hannu a inji sai mutum ya cire wuta da kansa, ya rufe akwatin wutar da kwaɗo. Ta ce ita ma ba ta taɓa jin "ya kwanta" ba sai ranar, kuma za ta fara koya wa 'yan ajin.

Idan kina so ya dawo gida, ni zan kawo shi. Ki yafe mini.

Yayanki

Zuwa ga Shugaban Sashe,

Bayan gaisuwa. Na so in ɗauke ɗana, ya ƙi. Ya ce idan ya bar aikin yatsun sun tafi a banza, kuma har yanzu kawunsa ne kai. Ban hana shi ba.

Zai koma ajin daga farko. Kai ma ka roƙi manaja yadda ka roƙe shi a da, ya bar ka ka zauna a benci kusa da Auta har watan ya ƙare, ka riƙa rubuta masa, tunda hannun bai iya riƙe biro ba tukuna. Ranar da kuka gama ka aiko mini, in ga ko bakina zai iya sake ce maka Yaya.

Wassalam.
Maman Auta