Baƙin Zaren Amma

Zuwa ga Yayana Allah Dino,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya a Maskat, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a aikinka. Mu nan ƙauye lafiya lau. Mahaifiyarmu Amma tana cin abinci, ƙafar ce dai kamar kullum.

Zancen 'yata Roshan ne. Ka san shekararta ta ƙarshe ke nan a karatun likitan dabbobi, kuma sai ta gwada magani a kan tsutsar ciki kafin a ba ta takardar shaida. Awakin marigayi Baba ta zaɓa, tunda tsutsa ta ramar da su. Ta raba su kashi uku: masu jan zare a wuya su sha ruwan ganyen darbejiya, masu kore su sha na 'ya'yan gwanda, masu baƙi kuwa kada a ba su komai, don a ga bambanci. Ta bar mini ɗurawar, ta koma makaranta.

Ka san Amma da baƙin zare, tun muna yara shi take ɗaura mana saboda kambun baka. Da ta ga jikarta ta ɗaura wa ƙalilan kawai, sai ta ce wannan boko ya cinye wa yarinya hankali, ina aka taɓa kare wasu a bar wasu. Ina gona ta bi garken ta tsinke ja da kore, kowace akuya ta samu baƙi. Na dawo ban san wace ce wace ba. Na tsayar da maganin, wayar Roshan kuma ba ta shiga. Kafin ta zo, awaki biyu masu ciki sun mutu.

Malaminta ya ce gwajin ya ɓaci, sai baɗi. Ba ta yi kuka ba, ni ma haka. Wallahi Yaya, ba na jin komai, tashi nake in yi tatsa in kwanta. Ba wanda ya gaya wa Amma cewa zarenta ne sila, kai ma kada ka faɗa.

Jiya da Roshan za ta hau mota, Amma ta kamo hannunta, ta ce idon mutane ne ya kama 'yar nan, dubi yadda ta zube. Ta ɗaura mata baƙin zare. Roshan ta tsaya har aka gama ƙullawa, ta ce ta gode.

Ka gaida matarka Zulekha da ƙaramin ɗanka Gulsher. Amma tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Nooran