Jirgin da Aka So a Bari Rabi

Port Aldine, Ohio
Janairu, 1957

Yaya Kazimir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Auntie Zofia da yara kuna lafiya. Na san rabonmu da magana tun jana'izar Baba, amma yau dole ta sa.

Ka ji kamfaninku na ƙarfe, Orcutt, ya haɗe da namu na ƙera jiragen ruwa, Pell. A jarida sun ce aure ne. Mu a nan mun ga haɗiya ce. Jiya sabon manaja ya tara mu, ya ce za a rufe wurinmu na nan bakin tabki a mayar da aikin bakin teku, jirgin dakon tama da muke ƙerawa kuma a yanka shi a mayar muku ku narke. Yaya, tun lokacin yaƙi nake walda a nan. Rabin jirgin nan ya bi ta hannuna.

Yanzu ubangidanmu ɗaya. In tanderunku na bakin kogi ya tsaya, za su saurare mu. Ka yi wa mutanenka magana.

Ƙanwarka,
Genia

Millrace, Ohio
Fabrairu, 1957

Zuwa ga Eugenia,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Muna lafiya.

Ki tuna ni shugaban ma'aikata ne a bakin tanderu, ba ɗan ƙungiya ba. Ki kuma tuna yajin da Baba ya jagoranta, lokacin da mutanen Pell suka sayo ƙarfe daga wani wuri suka ci gaba da aiki, mu muna shan romon kabeji har bazara. Mutanena ba su manta ba. Da na karanta musu, Dudek, wani tsohon abokin Baba, cewa ya yi, "Agwagin tabki ne yau ke neman 'yan gawayi? Su yi iyo mana."

Ban yi alkawarin komai ba.

Naki,
K. Wojtas

Port Aldine
Yuni, 1957

Yayana,

Ina gaishe ka, gaisuwar da ban san inda zan ajiye ta ba. Da ka ce ba ka yi alkawari ba, na yaga takardar na zage ka a gaban yara. Sai Auntie Zofia ta faɗa min ta waya cewa kai ka hau benci a ɗakin cin abinci ka ce, "Wanda ya rufe tabki yau, gobe kogi zai biyo." Ta ce kai ka fara ajiye farar hularka ta shugabanci ka fita ƙofa, mutane suka bi ka yajin aiki. Ta kuma ce bayan kamfani ya janye maganar rufewa, sun ƙwace maka shugabancin. Me ya sa ba ka faɗa min ba?

To, ranar Asabar mun saukar da jirgin cikin ruwa. Ka ƙi zuwa, don haka ga labari. Motocin Millrace suka iso cike, Dudek a gaba da kwat ɗin coci. Ya kewaya jirgin yana buga shi da sanda, ya ce min, "'Yar Wojtas, ƙarfen dai namu ne, ku kawai liƙawa kuka yi." Na ce, "Baba Dudek, sa shi a ruwa ba liƙi mu gani." Ya yi dariya har da tari.

Da aka cire katakan tokare, jirgin ya tsaya cik. Sai ya motsa, ya sulale ta gefe ya faɗa ruwa, igiyar ruwa ta jiƙe manajoji har gwiwa. Ya karkata, ya miƙe. Jiniyoyin gari duk suka ɗauka. Na duba na ga Dudek rungume da wani mai fentinmu da bai taɓa sani ba, su biyun suna kuka. An kuma fara ƙera wani sabon jirgin a gurbinsa.

Ka gaida gida. Allah ya saka maka.

Genia

Millrace
Satumba, 1957

Genia,

Gaisuwa. Jirginku ya shigo kogi da safiyar yau, cike da tama. Yanzu a wurin sauke kaya nake aiki, ni na kama igiyarsa. Bayan mun kwashe na sauka har ƙasan cikinsa da fitila. A bushe yake, ko ɗigon ruwa bai shiga ta waldarki ba.

Zofia ta ce ku zo ran Lahadi, ke da yara. Zan jira ku a tashar mota.

Yayanki,
Kazik